Wa Ya Tuƙa Jirgin Bawa?

Damina tara ke nan da muka binne Bawa, taubashina, a Kore Mairuwa. Ban yi niyyar rubuta komai a kansa bana ba. Sai ga shi watan jiya ɗiyarsa Zuwaira, wadda ke karatun lantarki a Yamai, ta same ni a shagona a Dogon Dutsi, ta aje mini wayarta bisa tebur. Hotunan telekwamand ne, abin nan da ake riƙewa a bakin tabki a tuƙa ɗan jirgin ruwa na wasa daga nesa. Ta gyara jirgin mahaifinta, tana so in taya ta zaɓen mai araha. Na daɗe ina kallon hotunan.

Bawa ɗan cirani ne. Da an ɗaure gero an kai rumbu, sai ya gangara Kwatano sayar da tsofaffin rediyoyi. Can ya ga 'ya'yan masu hali suna wasa da irin waɗannan jirage, abin ya shiga ransa bai fita ba. Gangar jirgin da kansa ya ƙera ta da farar jarka, tsawonta bai wuce kamu biyu ba, ya sa mata ƙaramin inji da batir. Telekwamand ne kawai sai an saya, kuma shekarar da na bi shi cirani a gabana ya zaɓa.

Iri biyu mai shagon ya fito mana da su. Ɗaya mai 'yan sanduna biyu da ake turawa da manyan yatsu, umarninsa na kai nesa, tsadarsa ma haka. Ɗayan tsohon hannu ne, an yi shi kamar ƙaramar bindiga: kunama a ƙasa ta ba da wuta, ɗan sitiyari a gefe na juya jirgi, da eriya da ake zarowa. Injin niƙa ya cinye wa Bawa babban yatsan dama tun muna samari, don haka sanduna ba nasa ba ne. Sitiyarin kuwa ya maƙale shi tsakanin yatsu biyu, ya murɗa, ya saki, ya koma tsakiya da kansa.

Na ce, "Araha ba ta ado, taubashi."

Ya ce, "Ba ado nika biɗa ba, Lawali. Da babu gara ba daɗi."

Mai shagon bai ɓoye mana aibinsa ba. Zangonsa gajere ne, in jirgi ya wuce inda umarni ke kaiwa, injin mutuwa yake nan take. Ya ce kuma irin na da ne, wani sa'in yakan ji muryar wani rediyo da ba nasa ba.

Haka muka gani a gida. A tabkin bayan gari, da jirgin ya wuce wata kanya da ke tsaye cikin ruwa sai ya yi shiru, Bawa ya zauna jiran iska ta turo masa abinsa. Tsofaffin mata sukan tsaya da tuluna su ce ya bi a hankali, ruwan nan da mai shi. Mu samarin da muka kama karatu da wa'azi mukan ce wannan magana shirka ce, jirgin kuma wasan yara ne da bai dace da magidanci ba. Bawa bai taɓa yi wa ko wane ɓangare musu ba.

Shekara guda kafin rasuwarsa, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya a kan tudu, kwarin da ke arewa da gari ya cika tun da hantsi. Wata Bafullatana mai tallar nono, Dije, tana tsakiyar ƙetarewa ruwan ya rutsa da ita. Ta kama wani gawo ta haye rassansa na ƙasa. Kafin jama'a su taru, ruwan ya fi tsayin mutum, ja wur, yana tafe da itatuwa da matattun awaki. Mu ba mutanen gulbi ba ne, ba mai iya ninƙaya a cikinmu. An jefa igiya, ba ta kai ko rabi ba. Gawon kuwa ya fara rawa.

Sai ga Bawa da gudu, jirgi a hammata. Ya ɗaura masa siririn zare, ya ƙulla ƙarshen zaren a igiya, ya hau sama da ruwan ya sake shi. Ina kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa. Dukanmu mun san gawon ya fi kanyar tabki nisa.

Jirgin ya yi ta kokawa har ya wuce tsakiya, sannan ƙarar injin ta ɗauke. Bawa ya ja kunama, ya ɗaga eriya sama, ya shiga ruwa har gwiwa. Babu. Ruwa ya fara jan jirgin kudu. Ya sauke hannu ya ce, "Inna lillahi."

A nan ne injin ya tashi. Na duba hannunsa. Yatsansa ba ya kan kunama, hannun damansa na rataye a gefe. Kuma na rantse da wanda raina ke hannunsa, na ga ɗan sitiyarin nan ya karkata hagu a hankali, ya tsaya a karkace, ba yatsan kowa a kansa. Jirgin ya juya ya fuskanci ruwan, ya hau shi, ya zagaya gawon, ya tsaya daidai ƙarƙashin ƙafar Dije.

Ta jawo zaren, igiya ta biyo, ta ɗaure ƙugunta, maza suka ja. Da ta dawo hayyacinta, ana lulluɓa mata zane, sai ta yi ta waige-waige. Ta ce, "Ina matar da tak kawo mini shi? In yi mata godiya."

Aka ce wace mata.

Ta ce, "Mai hwarin zanen nan. Ruwan ko gwiwatta bai kai ba."

Tsofaffin matan ma, da nake tsammanin za su ce mun faɗa muku, ɗaukar tulunansu suka yi suka watse.

Bawa ya nemi dalili iya ƙarfinsa. Ya ce watakila rediyon wata babbar mota ce bisa gudro, wato titin kwalta, ta shiga layinsa. Ya koma tabki ya yi ta gwadawa, jirgin bai taɓa wuce kanya da ransa ba. Daga baya ya rataye shi a zaure, ya rage fira, cirani ma bai je ba. In an yaba masa kan ceton Dije sai ya ce, "Ba ni nat tuƙa shi ba."

Da damina ta zagayo zazzaɓi ya kama shi, irin wanda ke kama kowa. Ranar ƙarshe da azahar ina zaune kusa da shi, ƙofa a rufe, ya buɗe ido ya ce, "Lawali, wa ya shigo da jiƙaƙƙiyar ƙafa?" Na ce zafin jiki ne, taubashi, yi salati. Ya yi. Ban duba ƙasa ba, kuma har yau ban yi nadamar hakan ba.

Ina tunanin me zai ce da ya ga telekwamand na yanzu. Zuwaira ta nuna mini: eriya 'yar guntuwa, zango ya ninka na da, akwatin karɓar umarni da ke cikin jirgi ba ya shan ruwa, kuma duk mai araha ne. Na tabbata zai jinjina shi a hannu ya ce ya yi shafal, ya tambayi ko ana samun pil ɗinsa, wato batir, a kasuwar gari. Mai sitiyari ta ɗauka, don a hannun babanta ta koya. Ta ce, "Baba, wanga ɗaure shi aka yi da jirginsa. Ba ya jin umarnin kowa sai na mai shi." Na ce madalla.

Ban canja aƙidata ba. Allah ne ya ceci Dije, da abin da ya ga dama. Amma gani ya kori ji, kuma na daina yi wa tsofaffi dariya. Abin da ya saura na Bawa a wurina shi ne, ranar da gari guda ya tsaya a bakin ruwa yana salati, shi kaɗai ya ruga gida ya ɗauko abin da muke yi masa gori a kai. Dije na nan, ta aurar da ɗiya biyu, kuma ba ta wuce gidansa ba tare da ta aje ƙwaryar nono ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka kai jirgin tabkin nan na Kore Mairuwa. Zuwaira ta tura shi tsakiyar ruwa, ta ce za ta gwada mini yadda injin ke mutuwa in umarni ya yanke. Ta kashe telekwamand. Jirgin ya yi shiru, ya tsaya cak. Ta kai yatsa za ta kunna, na riƙe hannunta ban san na yi ba. Muka tsaya muna kallonsa, ni da ita, har aka kira la'asar.