Ɗanɗano Ɗaya a Tukunya

Ɗiyata Sakinatu tun tana ƙarama ba ta zuwa wuri sau biyu. In na aike ta kasuwar Argungu sayen daddawa, sai ta toge a ƙofa: "Inna, faɗi sauran duka." Raguwa nake kiranta. Ashe ragwancin ne zai ciyar da ita.

Tun muna ƙarƙashin jihar Sakkwato ta tafi Birnin Kebbi karatun kwamfuta. A shekarar ƙarshe aka ce ta rubuta abin da zai gyara umarnin da ake ba injin, dogon lissafin malaminsu ya ƙare cikin rabin awa, amsa daidai. In bai ƙare ba, ta maimaita shekara.

Ta zo gida ana jibi gayyar yankan shinkafarmu, fuska a murtuke.

"Inna, abu ɗaya injin ke lissafawa sau dubu."

"Wawa ne? Ke in za ki zuba miya kwano arba'in, kowane kwano kike ɗanɗanawa? Sau ɗaya a tukunya, ki riƙe a harshe."

Ta zuba mini ido, ta jawo biro. Ni kuwa kaina ya kumbura. Kafin la'asar unguwa duk ta ji na koyar da injin Bature.

Ranar gayya na ɗanɗana miya, daidai. Na fita kwasar tuwo. Ƙanwata Laure ta shigo, ta zaci ban sa gishiri ba, ta watsa tafi biyu. Na dawo ina zubawa, ta ce, "Yaya, ba ki ɗanɗanawa?" Na ce mu masu ilimi ba mu maimaici.

Maigandi, sarkin gayya, ya kai loma ɗaya. "Inna, gishirin kwarin Foga duka kika kwaso mana?" Maza arba'in suka yar da lauje suka yi gulbi shan ruwa.

Sakinatu ta yi dariya har da hawaye, sai ta tsaya cak. "Wani ya taɓa tukunyar!" Ta koma kan takarda ta ƙara sharaɗi: a riƙe amsa, amma in an taɓa lambobin, a sake lissafi. Ashe malamin ya ɗana irin wannan tarko. Da ta koma makaranta, minti goma sha biyu injin ya gama, amsa daidai.

Yau koyarwa take. Tana gaya wa ɗalibanta dokokin biyu wajen uwarta ta samo su. Na ce ta riƙa tsayawa a ta farko. Ba ta tsayawa.