Kaskon Umma a Lokacin Ruɗuba

Har yau ban san abin da yake sa 'yata tari ba, kuma na gaji da masu cewa sun sani.

A unguwar Hindawiyya muke, gida ɗaya da iyayena. Iskar Jidda ba ta da alkawari. Akwai lokacin da take busowa daga arewa, ka shanya zani ya bushe kafin ka juya. Akwai ranakun da jar ƙura take rufe gari har ka ji ta a haƙoranka. Sai ƙarshen zafi, lokacin ruɗuba, laimar nan da teku yake turo mana. Iska ta tsaya cak, jiki ya yi ta danƙo, warin kwata da hayaƙin motoci su zauna a lungu su ƙi tafiya. A lokacin ne fukar yarinyar take tashi, tana kwance kana jin ƙirjinta yana fito.

Kowa ya zama likita. Maƙwabciyata ta ce mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki, sanyinsa ke kama ta, a kashe a buɗe taga. Mijina ya ce iskar waje ce, a rufe ko'ina ruf. Na buɗe ta yi tari, na rufe ta yi tari. Likitar asibiti kuwa mayafina ta shinshina, ta ce, "Turaren wuta kuke yi a gida? To shi ke nan, a daina."

Kullum gab da magariba Umma take ɗora turarenta a kasko a bakin ƙofa, haɗin hannunta ne. Da na kai mata saƙon sai ta harare ni.

"Da wannan hayaƙin na raine ku kaf, wa ya mutu?"

Duk da haka ta ɗauke kaskon. A ranar Baba ya tafi masallaci, aka idar, shiru bai dawo ba. Idanunsa sun yi rauni, da duhu ya fara ba ya ganin komai sosai, ƙofofin lungunmu kuma duk ƙarfe ne iri ɗaya. Na leƙa na hango shi can gaba, yana shafa bangon wasu.

"Baba, ai ka wuce gida."

"Wallahi ban ji gidan ba ne, 'yar nan."

Sai ranar na san da hancinsa yake dawowa duk shekarun nan.

Na ce zan riƙa tsaya masa a ƙofa, ko a samu mai rako shi. Ya ce shi bai kai a ja shi ba tukuna. Umma ta gwada ajiye kaskon a waje, amma babu iskar da za ta ɗauke hayaƙin, ta ƙarƙashin ƙofa ya lallaɓo ya shigo. Yarinyar ta yi tari. To amma jiya ma da babu turaren ai ta yi. Kaina ya kulle.

Baba ne ya yanke magana. "Magariba da isha'i zan yi su a gida har iska ta juya." Mutumin da tunda na yi wayo ban taɓa ganin jam'i ya wuce shi ba.

Tarin bai tsaya ba. Baba yana sallame salla zai juyo ya ce, "Da sauƙi ko?" In ce da sauƙi, alhali kunnensa garau yake, yana jin ta daga ɗaki. Haushi ya ishe ni, na rasa wanda zan ji wa: likitar, ko teku, ko kaina.

Da iskar arewa ta dawo, tarin ya ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Umma ta fito da kaskonta, yarinyar ta tsuguna kusa da shi tana wasa, ko gyaran murya ba ta yi ba. Na kai wa likitar wannan labari, ta ce lokacin ne ya bambanta, kada in yi wasa. Wataƙila gaskiyarta. Wataƙila kuma a banza muka raba tsoho da sahunsa.

Bana ruɗuba ta sake sauka. Yammacin da ya fara jin tarin, Baba ya lalubo kaskon da kansa ya kife shi, ya ce in miƙo masa darduma.