Yaya Bala da Sunayen Duwatsu

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Malam Bala a Nasarawa Burkullu, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Malamin sakandare ne a Gummi, amma abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne asalin kalmomi.

Wani tsohon littafi da ya samu a makaranta ne ya jawo masa. A ciki ya karanta cewa kalmar da Jamusawa ke kiran kai da ita, asalinta sunan ƙoƙon shan ruwa ne, kuma tana da dangantaka da wadda suke kiran ƙololuwar tudu. Mutanen tsaunukan Sikotilan kuwa, da kalmarsu ta kai suke raɗa wa ƙarshen tudu suna. Ranar ya dawo gida yana murna.

"Inna, ashe ba mu kaɗai muka cewa ƙoƙon kai da kan dutse ba!"

Inna ta ce, "To mi wannan zai ƙara maka, Bala?"

Daga nan ya riƙa hawa babur duk hutu, yana bin ƙauyuka har Zugu, yana tambayar tsofaffi sunan kowane dutse da dalilinsa. A rugage ya ji Fulani ma da kalmar kai suke kiran saman dutse. Ya cika littafi biyu da hannunsa.

Da yana raye, ban san me zai ce ba. Wasu tuddan, masu haƙar zinari sun farke su. Sauran kuma, 'yan bindiga sun mayar da su maɓoyarsu. Rugagen sun watse, tsofaffin da suka ba shi labari kusan duk sun riga mu gidan gaskiya.

Bara na ɗauki littattafan zuwa Anka, wurin 'yan gudun hijira, ko zan samu mai ƙarasa mini abin da ya bari. Na samu wata tsohuwa da ta tuna shi. Na karanto mata sunan dutsen bayan ƙauyensu, sai ta ɗaga mini hannu.

"Bari, ɗana. Can anka kai jikokina biyu. Ba mu hwaɗin sunan nan yanzu."

Na rufe littafin, na ba ta haƙuri. Abin da ya rage na Yaya ke nan: sunaye a takarda, waɗanda masu su ba sa son ji. Allah ya jiƙansa. Wani lokacin har nakan gode wa Allah da ya ɗauke shi da wuri.