Baldur, Har Yau Tafkin Bai Maido Ka Ba

Ranar Talata, ashirin da takwas ga Oktoba, Tafkin Winnipeg ya cinye ƙanena, Baldur Sigvaldason. Mun yi masa addu'a a coci ba gawa. Ga ƙanƙara ta fara kama gaɓa, in ta rufe tafkin ba mu same shi ba, sai bayan hunturu.

Baldur, kai ne mai ajiye wa tsofaffin unguwa kifi a ƙofa, ka sulale kafin a yi maka godiya. Ba ka da surutu sai in an taɓo iska. Ka ishe mu da zancenta a kan kofi.

"Yaya, kar ruwan gaɓarmu ya ruɗe ki," haka kake ce min. "Iskar yamma ta bayanmu take fitowa, shi ya sa nan yake lumui. Da ɗan yamutsi take farawa, in ta samu abin turawa sai ta yi ta turawa. Iya nisan da ta ci a kan ruwa, iya girman raƙuman ruwan. Can tsakiya sun fi jirgi."

Maƙwabcinmu Hannes ya sha jin wannan. Ran nan ya dubi gaɓa, ya gan ta kwance, ya fita ɗauko ragarsa yana dariya: "Sarkin iska, zauna ka yi mana gadin kofi!"

Rana ta take bai dawo ba. A al'adarmu mai jirgi a ɗaure shi ke fita nema, ba a tambayar wa ya yi wauta. Ka same shi injinsa ya mutu. Kana ɗaura wa jirginsa igiya ruwa ya ɗauke ka. A jirginka Hannes ya dawo.

A coci ana ta cewa guguwa ce ta zo ba zato. Ƙarya ne, tun asuba iskar take busawa. Na ga Hannes yana cin kek yana gyaɗa kai. Ban yafe ba tukuna, kuma ba zan ɓoye ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka. Runa, matar Baldur, ke da yara, Allah ya ba ku haƙuri. Ya kuma aiko mana da iskar gabas mai ƙarfi, ta daɗe tana busawa, ta ta da manyan raƙuma irin waɗanda suka tafi da kai, Baldur. Ƙanana ba za su iya kawo ka gida ba.