Kaset Ɗin Idrisu Direba

Idrisu Direba bai iya Turanci ba, amma shekara tara da ya yi yana jan motar ma'aikata ta kamfanin fatar da muke aiki a Challawa, ban taɓa jin ya sa waƙar Hausa ba. Kujerata tana bayan tasa, saboda haka na san abin da nake faɗa.

Mutumin Ringim ne, gajere, ba ya ɗaga murya. In aka tambaye shi dalili sai ya ce, "In na sa ta Hausa, rabin mota su ce a canza. In na sa wa'azi, gardamar malamai har ƙofar kamfani. Ta Turawa kuwa kowa shiru, ba wanda ya san abin da ake ce masa."

Ainihin maganar ita ce, kaset ɗin nan shi ne agogonsa. Ƙarfe bakwai ake rufe ƙofar kamfani. Da rediyo ta ce shida ta yi, sai ya danna kaset a Na'ibawa. Waƙa ta biyu na ƙarewa ya tashi. Ta bakwai, wadda wata mata ke yi kamar tana kuka, a Kumbotso take samun mu, kuma matar nan na yin shiru zai ja mota, ko wa ya rage.

Ba ya sayen kaset haka nan. Ranar Lahadi yakan je shagon mai ɗaukar waƙa a Sabon Gari, ya zauna a yi ta sa masa. "Wannan ta cika sauri, rami za ta jefa ni. Ba ka da wata mai nauyi, ta bin bayan tirela?"

A shekarar 2004 aka kawo mana Malam Zakariyya mai kula da sito. Ya yi sakandare, yana jin Turanci, kuma ba ya fitowa sai ya gama shan shayinsa. Sau biyu Idrisu ya bar shi a Kumbotso yana ɗaga hannu. Sai ya je ya gaya wa manaja cewa waƙoƙin nan duk maganar banza ce, ga matan aure a mota. Manaja ya ce a cire kaset.

Washegari Idrisu ya rasa lokacin tashi a kowace tasha, muka iske ƙofa a rufe. Manaja ya kira shi ya ce in aka sake, ya ajiye makulli. Mutum mai 'ya'ya bakwai ke nan. Na miƙa masa agogona, ya ce, "Baba, agogo sai na kalle shi. Wa zai kallar min titi?"

Da safe rediyo ta ce shida. Idrisu ya kashe ta, ya gyara murya, ya fara. Ashe duk kaset ɗin yana kansa. Ya yi waƙar, ya yi gangar da baki, ya yi sarewar da hanci. Muryarsa kuwa, Allah ya ba shi lafiya, kamar injin markaɗe ya ci tsakuwa. Da muka zo Kumbotso har kukan matar nan ya yi.

Kulu, wadda ke ɓangaren shanya fata, ta ce masa, "Baban Ummi, don girman Allah ka yi mana rai."

"Yi haƙuri, Hajiya, saura uku."

Malam Zakariyya ya ce, "Ai wannan ba Turanci ba ne."

"To, Malam, akwai maganar banza a ciki?"

"Ko kalma ɗaya babu a ciki."

"Alhamdu lillahi," in ji Idrisu, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Bakwai saura muka shiga ƙofa. Haka rana ta biyu, haka ta uku, safe da yamma, don ya ce kada ya manta. A rana ta huɗu mata suka tare Malam Zakariyya a bakin sito. Ban ji abin da suka ce masa ba, na dai ga ya nufi ofis yana share zufa.

Manaja ya yanke cewa kaset ya dawo, amma su biyu za su zaɓa. Ranar Lahadi suka tafi Sabon Gari tare. Wadda Malam ya ce mai tsabta ce, Idrisu ya ce ba za ta kai shi tasha ta gaba ba. Wadda ta yi wa Idrisu daidai, Malam ya toshe kunne. Daga hantsi har la'asar suna abu ɗaya, sai da mai shago ya ce shi ma yana da iyali, sannan suka daidaita a kan guda goma sha ɗaya.

Makulli ya zauna a hannun Idrisu har 2009, lokacin da ido ya fara ba shi wahala ya ajiye da kansa. Yanzu yana Ringim yana noman riɗi.