Tukwanen Iska Uku da Suka Ɓata a Yerwa

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da malaminmu na makarantar koyon aikin asibiti, a gaban wata babbar mota mai ɗauke da gishiri da atamfa. Ku 'yan ajinmu kun matsa in ba ku labari, kun kuma san baki ba ya yi mini, saboda haka ga shi a rubuce.

Wani asibiti a Maiduguri yana da ɗaki mai gado biyu inda ake kwantar da waɗanda ciwo ya kai gargara. Ma'aikaciya ba ta barin gefensu, ana ba su iskar numfashi daga dogayen tukwanen ƙarfe. Hukuma ta ce ɗakin ya cika cin kuɗi, za a rufe shi ƙarshen wata. Aka roƙi malaminmu ya je ya auna abin da gado ɗaya ke ci a yini. Ya ɗauke ni don, in ji shi, ni kaɗai ne a ajin nake jan layi da rula.

Hanya ta yi mana kirki har muka wuce Birnin Kudu, daga nan gargada ta karɓe mu. A Potiskum muka kwana. Tuwo da miyar kuka sisi, har da ƙari. A Damaturu na ga ana sayar da ruwa kwabo gwangwani, na sha rabi na adana rabi, direba ya yi ta yi mini dariya. Da la'asar muka shiga Yerwa, wato Maiduguri, ta tsakanin layukan dalbejiya, inuwa har ta yi yawa. Muka sauka a Bolori gidan wani ɗan kasuwa Bakano. Aka kawo burabusko da miyar bandar kifi, maƙwabta suna ta shigowa da gaisuwarsu ta "wushe, wushe", ni kuwa ina ta sunkuyar da kai.

Sistar da ke riƙe da ɗakin mutuniyar wajen Biu ce, ba ta da yawan magana, nan da nan muka shirya. Gado ɗaya ne da mutum: wani manomi da ya taka ƙusa, sarƙe-haƙora ta kama shi. An rufe tagogi, ana tafiya da sanɗa, don ƙara kaɗan takan sa jikinsa ya sandare. Matarsa tana zaune a waje kan tabarma. Sista ta ce idan aka rufe ɗakin, babban ɗakin maza za a kai shi, inda ake hira da tari da kiran mai goro, kuma ba ta jin zai kai labari.

Kwana uku ina ƙirga auduga da allurai da kananzir na firji, da awoyin da Sista ke zaune. Duk ba su kai abin da ake faɗa ba. Kuɗin yana zurarewa ne wajen hayar tukwane, don kamfanin da ke aiko da iska yana karɓar haya a kan kowace tukunya har sai an mayar masa. Takarda ta ce bakwai. Na ƙirga a sito sau uku, huɗu ne.

Ran kwana na huɗu da tsakar rana aka buga ƙararrawar masu ziyara, manomin ya banƙare har gadon ya yi ƙara. Sista ta dube ni ta ce, "Malam ƙarami, don Allah je ka roƙi Baba mai gadi ya sassauta hannu." Na tafi ina ta shirya kalmomi a raina. Ina isa gindin bishiyar da yake zama na ga ƙararrawar: tukunyar iska ce rataye da sarƙa, duk ta lotse. Na goge wuyanta da hannun riga, ga lambar ɗaya daga tukwanen da nake nema.

Na ce, "Baba, wannan daga ina?"

Ya ce, "Fanko ce, ɗana. Tun zamanin likitan da ya wuce."

"Ai mayar da ita ake yi. Haya ake biya."

Ya riƙe baki. "Hayar fanko? Gwangwanin madara in ya ƙare, kai kana mayar wa mai kanti?"

Sauran biyun ma shi ya yi kyauta da su, da zuciya ɗaya: ɗaya tana kiran yara aji a wata makaranta a Wulari, ɗaya tana kiran leburori a wurin wani magini. Hedimasta ya ce ba zai saki tasa ba sai an ba shi abin bugawa. Malaminmu ya je wajen masu aikin sabuwar hanyar jirgi ya samo guntayen ƙarfen dogo uku. Na asibitin aka rataye shi can bakin ƙofar waje. Baba ya buga ya saurara, ya ce muryarsa ta fi kama da ta mutanen kirki.

Da aka cire hayar, lissafin ya sauko inda hukuma za ta iya ɗauka. Malam ya sa hannu, aka ce ɗakin zai ci gaba. Ranar da za mu taho, manomin ya buɗe baki faɗin yatsa biyu ya sha kunu. Matarsa ta ɗura mini dabino a aljihu tana magana da Barbarci. Ban ji ba, amma na ce amin.

A jirgin ƙasa muka dawo, ta Gombe da Bauchi, tukwanen uku da za a mayar wa kamfani a ɗaure a taragon kaya, duk gargada sai su amsa. Mun iso gida lafiya, alhamdu lillahi. Abin da na koyo shi ne, takarda tana faɗin yawan abu, amma ba ta faɗin inda yake. Sai mutum ya taka. Dabinon ya ƙare, sai ƙwallo ɗaya da na ajiye cikin akwatin rulata.