Gilashin Ɗan Fari

Sau ɗaya aka taɓa ɗaukar ɗana na fari hoto, kuma ba ni da shi.

Lokacin muna Gusau, maigidana yana awon gyaɗa a kanti. Bayan ƙaramar sallah ya ce a kai yaron wurin mai hoto, wani Kirista mutumin kudu mai shago kusa da tashar jirgi. Muka tafi da Inna, uwar mijina, wadda ta zo daga Bungudu.

Mai hoton ya zura gilashi cikin akwatinsa mai ƙafa uku, ya ce in yaro ya motsa fuskar za ta dagule, sai uwa ta riƙe shi.

"Wace uwa?" in ji Inna. "Ɗan fari na fa! Gaban mutane za ta rungume shi?"

Ita ta ɗauke shi, ya yi ta tsala ihu. Mai hoton ya ce, "Mama, akwai dabara." Ya zaunar da ni, ya lulluɓe ni da zane tun daga kai har ƙafa, ya ɗora min yaron a cinya. Na zama kujera. A cikin duhun nan na riƙe cikinsa da hannu biyu, na sa baki a ƙeyarsa na kira sunansa a hankali, sunan da ban taɓa faɗa ba. Ya yi tsit.

Da aka wanke hoton Inna ta tafi da shi, wai na kaka ne. Ban ko kalle shi sosai ba, kar a ce na zaƙe.

Da bazara ƙyanda ta ɗauke min yaron. Bayan damina na aika Bungudu neman hoton, aka ce ɗakin Inna ya yi yoyo, takardar ta ruɓe.

Wata maƙwabciyata 'yar Tsafe ta ce ai gilashin da aka ɗauki hoton a kansa yana wurin mai hoto, ana sake wanke wani daga gare shi. Na koma ni kaɗai. Ya daɗe yana bincike, sannan ya ce gilashi ya yi wuya, duk wanda ba a dawo nema ba ya kankare shi ya sayar wa kafinta, an yi tagogi.

"Me ya sa ba ki zo da wuri ba?"

Na juya na fito. Wa zai bar ni in nemi hoton ɗan fari yana raye?

Har yau in na zo wucewa ta gida mai tagar gilashi a Gusau, sai na rage tafiya, in duba.